Shafi ɗaya mai ɗauke da sunayen mutanenmu

Ni ɗan Mai Wurno ne, garin da ke kudu da Sinnar a gaɓar kogin da muke kira Nilul Azraƙ. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Suka biyo ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka miƙo gabas da niyyar Makka. Wasu sun kai, da yawa kuma a nan Sudan suka sare daji suka yi gona, a nan aka binne su. A gida Hausa muke yi, a makaranta da kasuwa Larabci. Shi ya sa na sha Hausa a nono, amma na girma ko layi ɗaya ban iya rubutawa da bokonta ba. Na yi allo a halwa, wato makarantar allo, na yi sakandare da Larabci, ɗan Ingilishin da aka koya mana kuwa bai wuce na cin jarrabawa ba.

Da sakamakon shahada, jarrabawar gama sakandare, ya fito bai kai ni jami'a ba, sai Baba ya ce ba zai zuba mini ido ina zaman bakin kogi ba. Ya sa ni a mota zuwa Wad Madani wurin ƙanin mahaifiyata. Kawu yana da shago kusa da kasuwa, ana fotokwafi da buga takardu: takardar koke, takardar haya, kundin ɗalibai. Kwamfuta biyu ce a ciki, da firinta, da wata fanka mai kuka kamar injin markaɗe. Aikina shara, da cika inji da takarda, da karɓo jabana, wato gahawa, wurin mai shayi. Wata shida Kawu bai bar ni na taɓa linzamin kwamfuta ba. Ya ce amanar mutane ce a ciki, kuskure ɗaya ya isa ya tashi aikin wani na shekara guda. Ban ji haushinsa ba, don da idona na ga wani ɗalibi yana hawaye a shagon ranar da filashinsa ya mutu da kundin digirinsa a ciki.

A lokacin in aka ce intanet, Facebook nake ji. Ka sa rasidi a waya, ka sayi data, ka duba hotuna, data ta ƙare, shi ke nan. Ban taɓa tambayar kaina wa ya rubuta abin da nake gani ba, ko a ina yake kwana.

Wata rana da yamma wani saurayi ya shigo buga takardu. Yana ta fama da Larabcin littafi, Kawu na amsa masa da na kasuwa. Sai Kawu ya juyo ya ce mini, “Kai, miƙo mini farar takardar can.” Saurayin ya tsaya cak. Ya ce, “Alhaji, ashe Hausawa ne ku?” Ɗan Kano ne, yana karatun kwamfuta a Jami'ar Jazira. Ranar bai tafi ba sai bayan isha'i, sai da Kawu ya aika aka kawo agashe aka ci tare. Yana jin daɗin Hausarmu, ya ce akwai kalmomin da rabonsa da su tun daga bakin kakarsa, ga kuma Larabcin da muke cusawa a tsakiya ba tare da mun lura ba. Daga ranar ya zama ɗan gida. Ina ce masa Malam, yana ce mini ƙanena.

Shi ya roƙi Kawu a bar mana kwamfuta ɗaya in an rufe shago. Daren farko na zaci wata babbar manhaja zai buɗe. Sai ya buɗe Notepad, farin fili fetal, babu komai a ciki. Ya ce, “Ƙanena, faɗa mini magana ɗaya da kake so a karanta.” Na yi shiru, can na tuna abin da Kaka take buɗe labarin hijira da shi, yadda ta ji daga bakin mahaifiyarta wadda ta taho tana ƙaramar yarinya. Na ce, “Mun zo baƙi, ƙafa ba takalmi.”

Ya rubuta h1 a tsakanin alamomin nan biyu masu kama da bakin kibiya, ya rubuta maganar, ya sake rubuta h1 amma da karkatacciyar sanda a gabansa. Ya ce na farkon buɗe ƙofa ne, na biyun rufewa. Ya adana fayil ɗin, ya sa masa suna ya ƙare da .html, ya ce in danna shi sau biyu. Burauza, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta buɗe. Ga maganar Kaka da manyan baƙaƙe a saman allo, a wurin da na saba ganin labaran duniya. Sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce, “Malam, yanzu mutanen Kano suna gani?” Ya ce a'a, tana cikin wannan kwamfutar kaɗai tukuna, kamar wasiƙar da aka rubuta ba a ba direba ba.

Amma akwai matsala a kan allon. Inda ya kamata ƙ ta fito, alamar tambaya ce. Na ce a sa k kawai a huta. Ya ce in karanta da k ɗin in ji. “Mun zo baki, kafa ba takalmi.” Maganar ta mutu. Baƙi daban, baki daban. Ƙafa daban, kafa daban. A nan ya bayyana mini cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma akwai tsarin da ake kira Unicode wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa. Laifin daga wurin adanawa ne: dole a zaɓi UTF-8, sannan a saman shafin a sa layin da ke gaya wa burauza da wannan tsarin aka rubuta. Tunda kibod ɗin shagon Larabci da Ingilishi kaɗai ya sani, ya rubuta mini lambobi uku a guntun takarda: 409 na ƙ, 599 na ɗ, 595 na ɓ. In ka sa & da # a gaban lambar, ka rufe da waƙafi mai ruwa, harafin zai fito da lanƙwasarsa. Na manna takardar a bango kusa da teburin. Yanzu kibod ɗin waya yana da Hausa, abin ya zo da sauƙi, amma har yau ina riƙe da lambobin nan a ka kamar lambar wayar gida.

Gaskiyar magana, da HTML, wannan tsarin rubuta shafukan intanet, na koyi bokon Hausa. Ina koyon p na sakin layi, da a na mahaɗin da ke kai ka wani shafi, da img na hoto, ina kuma koyon inda ake sa ts da inda ake sa c. Sau da yawa ina manta rufe ƙofa, sai shafin gaba ɗaya ya koma manyan baƙaƙe. Malam ba ya nuna mini kuskuren. Sai ya ce in bi layi-layi da yatsa yadda ake bin allo, har in gano da kaina.

Yadda intanet ke aiki kuwa, da ruwan Jazira na gane shi. Duk wanda ya zauna a yankin ya san yadda ruwa ke isa gona: daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925 yake fitowa, ya bi babbar tur'a, wato magudanar ruwa, ya rarrabu zuwa ƙanana, ya shiga wadda ake kira abu ishirin, ya shiga abu sitta, sannan ya kai hawasha, wato gonar manomi. Intanet shi ne tur'o'in. Shafuka, da imel, da WhatsApp, su ne abin da ke gudana a ciki. Bambancin kawai, nan ana zuwa ana dawowa: wayarka ta aika tambaya, wata kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba, ta maido amsa a gutsuttsure, wayarka ta harhaɗa. Kowace saba tana da adireshi na lambobi, amma tunda mutum ba ya riƙe lamba kamar yadda yake riƙe suna, sai aka yi tsarin DNS, wanda yake kamar mai unguwa: ka faɗa masa sunan gida, ya nuna maka ƙofa. Na daɗe ina zaton duk abin a iska yake tafiya. Ashe akasarinsa waya ce shimfiɗe a ƙarƙashin teku. A Port Sudan, da muke kira Bur Sudan, akwai wadda ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, akwai kuma wadda ta bi gaɓar gabashin Afirka har Afirka ta Kudu.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne labarin wanda ya ƙirƙiro shafukan. Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, ya kawo shawarar a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. A 1991 shafin farko ya fito fili, a 1993 kuma cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa. Da na gaya wa Kawu, sai ya ce, “To ai wannan waƙafi ya yi.” Da an sa wa abin kuɗi, ɗan masunci daga Mai Wurno ba zai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba.

Ba direba wasiƙar shi ne ya fi wuya. Sai ka kama hayar wuri a saba, ka kuma sayi suna, ana biyan dala goma da 'yan kai duk shekara. Mu kuwa a lokacin muna ƙarƙashin takunkumin Amurka, wanda aka sa a 1997 ba a ɗage ba sai Oktoban 2017, kuma katin bankinmu ba ya biyan komai a waje. Ɗan baffana da ke Jidda ne ya biya. Na zaɓi gajeren suna, wanda za a iya faɗa wa mutum da baki ya riƙe. Ranar da na ɗora fayil mai suna index.html, na kira shi na ce ya buɗe. Ya karanto mini maganar Kaka daga can ƙetaren teku. Bayan na je gida da salla na zauna gaban Kaka kwana uku ina rubuta labarin hijira daga bakinta, na sa shi da Hausa a sama, Larabci a ƙasa, ɓangaren Larabcin na gaya wa burauza ta fara shi daga dama. Na karanta mata daga waya. Ta gyara mini sunan wani zango da na rubuta ba daidai ba, ta ce in ba zan faɗa daidai ba gara in bari.

Malam ya gama karatu ya koma Kano. Ni kuma na ci gaba. Na koyi ɗan CSS na gyara launi da girman rubutu, na koyi sa shafi ya zauna daidai a fuskar waya. Na yi wa wata halwa shafi, na yi wa mai sayar da yajin agashe, na yi wa wani tela. Kawu da yake cewa wasan dare ne, da ya ga ana biya sai ya ƙara layi a allon shago. Darasin da talauci ya koya mini shi ne nauyi: hoto ɗaya da waya ta ɗauka yakan kai megabait biyu ko uku, mutanenmu kuwa da kuɗin cefane suke sayen data. Don haka kowane hoto sai na rage shi kafin in ɗora, in kuma rubutu zai wadatar, ba na sa hoton.

A Yunin 2019 aka yanke intanet ɗin waya a ƙasar fiye da wata guda. Na ɗauka shafukana sun mutu. Sai ɗan baffana ya kira ta layi ya ce shi yana buɗe su lafiya lau. Mu ne aka toshe wa tur'a, shafin yana can a sabarsa a wata ƙasa. Na riƙe wannan, ban san ranar da zai yi mini amfani ba.

Ran 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Madani ta cika da waɗanda suka gudo, makarantu suka zama masauki, shagonmu kullum cike da masu neman kwafin takardun da suka tsira da su. Muna ganin mu ne masu masauki. A tsakiyar Disamba yaƙin ya iso mu. Ba zan tsaya a kan wannan ranar ba. Mun fita da abin da hannu zai ɗauka, ni da matata da yara biyu da Kawu da iyalinsa. Filashina yana rataye a wuyana da zare kamar laya. Akwai yaron da ya gaje ni a shago, mai shara da karɓo jabana, ɗan maƙwabcin Kawu. Da safen ya ce zai tsallaka Hantub ya taho da ƙanwarsa da ke aure can, ya ce mu yi gaba zai same mu. Muka bi ta Sinnar, na sauke wasu a gida Mai Wurno, mu kuma muka wuce Gadarif inda dangin matata suke.

A Gadarif gaisuwa ta canja. Bayan sallama, abin da ke biyowa shi ne, “Kun ga wane?” A layin takiyya inda ake raba abinci, a bakin masallaci, a tashar mota, tambayar ɗaya ce. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk wanda ya iso in rubuta sunansa da unguwar da ya fito da waɗanda ya gani a hanya. Cikin mako biyu mutane suka fara nemana da “mai littafi”. Amma littafi ɗaya ne, yana hannun mutum ɗaya, masu nema kuwa suna Kasala, suna Bur Sudan, suna Damazin, suna Jidda da Makka.

Za a ce ai ga WhatsApp. Akwai shi, kuma ya yi aiki ƙwarai. Amma wanda ya shiga zaurukan a kwanakin nan ya san yadda suke: saƙon murya ɗari, bidiyo, addu'o'i, jita-jita, sunan da kake nema ya nutse a tsakiya. Ga shi wayoyi da yawa sun salwanta a hanya, lambobi sun canja, wanda ya sami aron waya ba ya cikin kowane zaure. Sai na tuna ina da suna da wuri a saba, an riga an biya. Da waya na rubuta shafin, a zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, da yatsa ɗaya. Babu hoto, babu launi, babu komai sai kanun unguwanni da jerin sunaye a ƙarƙashinsu, da Larabci tunda shi kowa ke karantawa, da ɗan bayani da Hausa a sama. Suna ɗari uku da bayaninsu ba su kai kilobait hamsin ba. Hoto ɗaya na waya ya ninka shafin gaba ɗaya sau arba'in ko fiye.

A farkon Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke. A gabas sabis ya dawo a hankali, amma a Jazira da Khartum da Darfur aka daɗe a duhu. Mutane suka koma Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam: faranti ɗaya a kasuwa ko a wani gida, a biya kuɗin awa, mutum talatin ko fiye a kansa, kowa na ƙoƙarin karɓar kuɗi ta manhajar banki ta Bankak ko jin muryar nasa. A irin wannan cunkoson saƙon murya yakan yi ta juyawa bai sauka ba, amma shafina yana buɗewa kafin ka sauke numfashi. Mutum ɗaya ya buɗe, ya karanta wa goma. Na koya wa mutane su shiga menun burauza su zaɓi nema a cikin shafi, su rubuta sunan, ya kai su kai tsaye. Adireshin kuwa da baki yake yawo, daga direba zuwa mai shayi.

Na yi taka-tsantsan da abin da na sani zai iya cutarwa. Ban sa lambar waya ba, ban sa unguwar da mutum ya sauka ba, sunan gari kawai. Na sa layin da ke roƙon injunan bincike kada su jera shafin, duk da na san wannan roƙo ne, ba kwaɗo ba ne. Duk mai adireshin zai iya shiga. A ƙasa na rubuta gargaɗi, domin a lokacin ɓarayi sun yi yawa, suna turo mahaɗi da sunan rajistar tallafi, ka danna ya kai ka shafi mai kama da na banki, ya nemi kalmar sirrinka. Na rubuta cewa a duba adireshin da ke sama harafi-harafi kafin a rubuta komai, kuma duk wanda ya nemi kalmar sirri ko lambar da aka turo maka ta saƙo, ko da muryar ɗan'uwa ya zo, kada a ba shi.

Duk wannan taka-tsantsan ɗin bai hana ni yin kuskuren da ya fi kowanne nauyi ba, kuma saboda shi nake wannan rubutun.

Mutane suka fara cewa in ƙara sashen waɗanda suka rasu, don dangi na nesa su sani su yi addu'a. Na ƙara. Wata rana aka turo mini saƙon murya, an tura shi daga hannu zuwa hannu, cewa an ga gawar ɗan Gwaggo, mai tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, a hanyar fita Madani. Mai maganar ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, har da kalar rakshar. Ban san mai muryar ba. Ban tambayi wa ya gani da ido ba. Na gaji, dare ya yi, cajin waya saura kaɗan. Na rubuta sunan, na ɗora.

'Yar Gwaggo ce ta karanta a Mai Wurno. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku. Matarsa ta shiga takaba. Ran kwana na tara ya kira daga wani ƙauye wajen Manaƙil, da wayar aro, a kan Starlink. Rakshar aka karɓe, shi yana raye.

Hannuna na rawa na goge layin na sake ɗora shafin. Na ɗauka an gama. Bayan kwana biyu wani ya kira Gwaggo daga Jidda yana yi mata ta'aziyya, ya ce yanzu ya gani a shafin. Ashe burauza takan ajiye kwafin shafin da ta taɓa buɗewa don ta rage wa mai ita data, sai ta nuna masa tsohon in bai sabunta ba. Na san da wannan tun a wurin Malam, amma a matsayin abin karatu na san shi. Ban da haka, wasu sun ɗauki hoton allon sun watsa a zauruka, wannan kuwa babu maɓallin da zai dawo da shi. Magana zarar bunu ce, ta intanet ma ta fi, don ba ka san rufin ɗakin wa ta faɗa ba. Kusan wata guda ana yi wa Gwaggo gaisuwar ɗan da yake zaune yana cin abinci.

Na kira ta, na kasa magana. Sai da hanya ta yiwu na je har gida na durƙusa a gabanta. Na ce, “Gwaggo, ni ne na rubuta. Ba wanda ya sa ni. Ki yafe mini.” Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, “Ɗan nan, na yafe maka duniya da lahira, don na san alheri ka nufa. Amma kwana taran nan, kai ma ka riƙe su. Kada ka ajiye.” Ban ajiye ba.

Tun a daren da ya kira na cire sashen mamata gaba ɗaya. Sanar da mutuwa aikin dangi ne, da baki, ga wanda ya kamata ya fara ji. Shafin ya koma kashi biyu: waɗanda suka isa, da waɗanda ake nema. Ba na matsar da suna daga na biyu zuwa na farko sai na yi magana da wanda ya gan shi ido da ido ko ya ji muryarsa, kuma ina rubuta ranar a gefen sunan. An ce gani ya kori ji, ni sai da na sa uwa ta yi makoki kafin in yarda. A can sama, da baƙaƙen da suka fi komai girma, da h1 ɗin nan na daren farko, nake rubuta rana da sa'ar da na yi gyara na ƙarshe, da layi ɗaya a ƙarƙashi: in kwanan watan ya tsufa, ja shafin ƙasa ya sabunta kafin ka gaya wa kowa komai.

Malam ya neme ni daga Kano a kwanakin nan, ya ce yana buɗe shafin kullum yana duba sunana. Ya ce in ba shi dama ya gyara shi ya zama na zamani, da rumbun bayanai da akwatin nema. Na yi masa godiya na ce a bar shi yadda yake. Fayil ɗaya ne, ina iya gyara shi da kowace waya, kwafinsa na filashi, wani kwafin na wurin ɗan baffana a Jidda, kuma na koya wa matata da 'yar Kawu yadda ake ƙara layi da yadda ake rufe ƙofa, ko da wani abu zai same ni. Ya yi shiru, ya ce, “Ƙanena, ka fi ni gaskiya.”

A Janairun 2025 sojojin gwamnati suka sake karɓe Madani. Bayan 'yan watanni na raka Kawu ya ga shagonsa. Babu ƙofa, babu kwamfuta, babu firinta, har wayar wuta an zare daga bango. Guntuwar takardar nan tana manne inda na bar ta, ta yi ja, lambobin uku suna karantuwa. Kawu ya sami injin fotokwafi na hannu, mun fara daga nan.

Sashen waɗanda ake nema ya ragu sosai. Da yawa na matsar da su sama da hannuna, wasu kuma danginsu suka ce in cire kawai, na cire ban tambayi dalili ba. Sunan yaron shagonmu yana nan a layi na huɗu. An sami ƙanwarsa a Kasala, ta ce bai iso wurinta ba. Mahaifiyarsa ba ta karatu, ba ta da waya. Duk Juma'a bayan la'asar takan zo shago ta zauna a kan bencin masu jira, ba ta cewa komai sai na sallami mutane. Sannan ta ce, “Ɗana, duba mini.” Ni nake rubuta shafin, na san abin da ke ciki, ita ma ta san na sani. Duk da haka ina ciro waya, in ja shafin ƙasa ya sabunta, in karanta mata kwanan watan da ke sama, sannan in gangara layi na huɗu in karanta mata sunan ɗanta da na mahaifinsa. Sai ta ce, “To, yana nan cikin waɗanda ake nema.” In ce, “Yana nan, Inna.” Ta gyara mayafinta ta tashi.